Fetur a Ramin Ɗanliti

Mutanen Ƙetare ba sa son a tuna masu shekarar da suka samu rijiyar fetur. In ka tayar da zancen a majalisa sai ka ga tsofaffi sun kama tari, wannan ya ce ai shi lokacin yana Legas, wancan ya ce shi dama tun farko bai yarda ba. Duk ƙarya suke yi. Kowa ya yarda, ni kuwa Maharazu na fi kowa yarda, tunda ni na rubuta takardar da aka kai Ƙanƙara. Amma ba kunyar fetur ɗin ce take damuna ba yanzu da na tsufa. Abin da na shiga tsakanin mahaifina da amininsa na yi, shi ne har yau in na tuna nake jin ɗaci a bakina.

Mahaifina Malam Audi manomi ne, yana kuma da ɗan karatunsa daidai gwargwado. Amininsa Ɗanliti Bamaguje ne, gidansa na hayin rafi, yana da shanu goma sha huɗu da wata 'yar gona da ba ta kai ta cinye takinsu ba. Tun suna samari suke tare. Duk ranar da aka taso daga kasuwar Ƙanƙara sai Ɗanliti ya biyo ta ƙofar gidanmu, su zauna gindin ceɗiya suna tsiya har la'asar ta yi sanyi. Baba ya ce masa, "Kai dai yaushe za ka hwara salla?" Shi kuma ya ce, "Ran da ka iya ɗaure mangala ba ta zame ba." Shekara arba'in suna wannan, ba wanda ya ci wani.

Ɗanliti ba ya wasa da taki. Kashin shanu ba ya kwana biyu a turkensa. Da safe in an kora shanu kiwo, shi da matarsa Baraka sai su kwashe, su baje shi a rana kamar shanyar kuɓewa. In ya sha iska su cakuɗa shi da toka da ƙaiƙayi da karmami, su tara a kan tudu ƙarƙashin rumfar kara, ya ja masa magudana kewaye don kada ruwa ya kwanta masa. Kowane jajibirin kasuwa sai ya juya tsibin nan gaba ɗaya, na ƙasa ya koma sama. In an tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa haka, sai ya ce taki ma numfashi yake yi, in ka toshe masa hanci zai yi maka fushi. Mu samari muna dariya, mu ce giya ce ke magana.

Tsakaninsa da Baba akwai wata al'ada da ake kira mangalar fari. In rani ya ja, an fara sharar gona, Ɗanliti da kansa zai cika mangala, ya ɗora wa jaki, ya haye rafi, ya juye a kusurwar gonarmu. Sai bayan an yi wannan sauran mutane za su samu, su kai masa kara da harawa su kwashi nasu. Da kaka kuma damin dawa na farko da aka ɗaure, Baba ne da kansa zai ɗauka ya kai masa. Ba ciniki ba ne, ba kuma a aike. Kuma mangalar fari ba a mayar da ita. Ko faɗa aka yi jiya, in ta iso yau karɓa ake yi. Na san wannan sarai, ba zan ce ban sani ba.

Ni a lokacin ina Funtuwa, ina aiki a wani kamfanin gurzar auduga, ina rubuta lamba a jikin buhu ana ce mani akawu. Zamanin kuwa zamani ne! Kuɗin fetur sun shigo ƙasa, an yi ƙarin albashin nan na Udoji, kowa ya ji ɗumi a aljihu. Lebura ma shayi yake sha da madarar gwangwani. Rediyo a kafaɗa, agogo a hannu, wando mai faɗin ƙafa yana share titi. Katafiloli na ta yanka hanyoyi, ana cewa nan da shekara biyar ba ƙauyen da zai kwana ba lantarki. Wallahi ina kewar shekarun nan, ba don kuɗin ba, sai don yadda muka yi imani cewa gobe za ta fi yau, ba mai ko tantama.

Cikin haka gwiwoyin Baba suka riƙe, yanar ido ta rufe masa gani, ya aiko in dawo in riƙe gandu. Na dawo a kan sabon babur, motar haya na biye da ni da buhu goma sha biyu na takin zamani, wanda gwamnati ke bayarwa kusan kyauta a shekarun. Na jera su a zaure yadda duk mai wucewa zai gani.

Ranar da abin ya faru ina gona da 'yan ƙwadago shida muna ƙona tushiya. Hantsi ya dubi ludayi sai ga Ɗanliti ya ɓullo daga rafi, yana koro jaki, mangala cike har tana tsiyaya. Ya yi mana barka da aiki, ya nufi kusurwar da ya saba.

Na ce, "Baba Ɗanliti, dakata."

Ya tsaya, hannunsa a kan igiya.

"Bana a hutar da jakin nan. Mun wuce nan. Ina da na Bature buhu sha biyu, cokali guda ya hi mangala goma."

Ya dube ni ya ce, "Audi ya ce haka?"

"Ni ke riƙe da gandu yanzu."

'Yan ƙwadago suka sunkuyar da kai, ɗaya daga cikinsu ya yi 'yar dariya. Ita ce ta ƙara zuga ni, na ce, "Kuma shina kawo ciyawa da gara. A kai ma wanda bai waye ba."

Ya juya kan jakin, ya gyara zaman mangalar da tafin hannu, suka gangara rafi. Na bi su da kallo ina jin kaina wani babban mutum.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Baba zaune a kan buzu, ya juya fuskarsa wajen bango. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni ɗin. Cewa kawai ya yi, "Maharazu, ni ba ni da ƙahwa. Tahi ka ba shi haƙuri, ka ce shi dawo da ita." Na ce to. Gobe ta yi na ce babur ba mai. Jibi na ce sai an gama shara. Girman kai ne kawai, ina ganin yaya akawu guda zai je ya durƙusa a kan kashin shanu.

Ranar kasuwa ta zagayo, Baba ya sa aka fitar da shi gindin ceɗiya tun azahar, aka shimfiɗa tabarma ta biyu. Masu dawowa daga Ƙanƙara suka yi ta wucewa suna gaishe shi, yana karkata kunne yana sauraren takun da ya sani. Ɗanliti ya bi ta hanyar bayan gari. Wata kasuwar ma haka, ta gaba ma haka. Baba bai fasa sa a shimfiɗa tabarmar ba, ni kuma na koyi barin gida a ranakun kasuwa don kada in gani.

Ba ni kaɗai na guji taki ba a shekarar. Da mutane suka ga ɗan Malam Audi ma ya mayar da mangala, sai kowa ya bi layin buhu. Ba wanda ya haye rafi da kara ko harawa. Tsibin Ɗanliti ya yi ta girma har ya fi rumfarsa. Kusa da gidansa akwai wani ƙaton rami da 'yan kwangilar hanya suka haƙa suka ɗebi marmara suka tafi suka bari. Wata safiya aka ga shi da Baraka suna ture tsibin nan cikin ramin, kwando bayan kwando. Daga ran nan ya daina shanya, ya daina juyi. Abin da shanu suka yi da dare, da safe ɗanye ya watsa shi rami. Baraka ta gaya wa matan da ke zuwa sayen nono cewa ya ce tunda ba mai so, ƙasa ta ci abinta.

Damina ta sauka da ƙarfi. Rami ya cika, ruwan ya yi baƙi ƙirin, samansa ya yi ɓawo mai kauri har kaji na tafiya a kai. Wajen watan takwas sai ya fara ɓurɓuri. Ka tsaya a baki ka ji yana ɓul, ɓul, kamar tukunyar talge, ga wani wari da ke tarar mutum tun daga rafi.

Sha'ibu ɗan ƙanen Baba ne, yaron mota ne a hanyar Faskari, gemunsa cike amma hankalinsa bai cika ba. Wata yamma da hadari ya haɗo ya biyo ta wurin da sigari a baki, ya sa kara ya tsokani ɓawon don neman magana, ya ƙyasta ashana ya jefa. Sai wuta ta ce fuu! Shuɗiya, ta yi rawa a kan ruwa, ta lashe masa gira ɗaya ta mutu. Ya shigo gari a guje, takalmi ɗaya a hannu, yana kiran sunana.

Na je na gani da idona. Muka kife tsohuwar ƙwarya mai huji a kan wurin da ya fi ɓurɓuri, muka jira, na kai ashana bakin hujin. Harshen wuta ya tsaya cak, shuɗi, ba hayaƙi. Mutum ashirin suka juyo suna dubana, don ni ne na zauna birni. Na tuna hoton da na taɓa gani a jarida, na wata doguwar wuta da ke ci a bakin rijiyar mai a kudu. Na gyara tsayuwa na ce, "Jama'a, wanga hetur ne."

Kada Allah ya nuna maka gari in ya ji ƙamshin arziki. Kafin kwana uku an zo kallo daga Ruwan Godiya, an zo daga Faskari, har wasu suka yi hayar mota daga Sabuwa. Masu ƙosai suka kafa kasko nesa kaɗan saboda wari. Wani ya tuna cewa kakansa ya taɓa noma gefen ramin, wani ya kafa turaku da dare ya ce nan iyakarsa take. Aka fara gardamar inda za a gina asibiti da inda jirgi zai riƙa sauka. Wani tsoho ya saki baki ya yi wa mata biyu alkawarin Makka. Wari kuwa aka ce ai haka ɗanyen mai yake, wanda bai sani ba ne ke toshe hanci.

Ɗanliti yana zaune a kan turmi a ƙofar gidansa yana gyaran igiya. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ni dai kashin shanu na zuba." Ba wanda ya saurare shi. Aka ce wayo ne, so yake ya ci shi kaɗai.

A nan ne na yi abin kunya na biyu. Ni da na kasa haye rafi wata biyar don ba da haƙuri, sai ga ni na haye da goro a aljihu. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Baba Ɗanliti, ai mu da kai ɗaya ne. In mutanen gwamnati sun zo, ka bari ni in yi magana da su, kada a cuce ka."

Ya dubi goron, ya dube ni. Ya ce, "Yaya ƙahwar Audi?"

Na ce da sauƙi.

"Shi ya aiko ka?"

Na ƙara miƙa masa goron.

Ya ce, "To, tashi kar wandonka shi ɓaci."

Na tashi, amma ban fasa ba. Mai unguwa ya tara dattawa, na rubuta takarda da Turancin da nake da shi duka, na sa hannu a ƙasa da manyan baƙaƙe, aka kai wa hukuma a Ƙanƙara. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Ganin hadari ya sa wanka da kashi." Na ɗauka tsufa ne.

Bayan mako biyu motar gwamnati, Landiroba, ta iso. Mun share hanya, mun yanka rago, an sa manyan riguna. Muna jiran Bature da na'ura, sai wani siririn mutum ya fito da takalmin roba har gwiwa, ya ce sunansa Malam Nata'ala, malamin gona ne, an ce ya fara dubawa kafin a tayar da hankalin manya a Kaduna. Ya zagaya ramin sau ɗaya. Ya karɓi gora ya caka har ƙasa, ya zaro, ya shinshina. Na ga kafaɗunsa na rawa. Ya yi ta maza ya danne, abin ya fi ƙarfinsa, ya zauna a kan bakin ramin ya yi dariya har da hawaye.

Da ya samu kansa ya ce, "Ku yi haƙuri, iyayena. Wa ya rubuta takardar?"

Mutum ɗari suka nuna ni da baki.

Ya yi mana bayani a hankali, yadda ko yaro zai gane. Ya ce kashin shanu in ya nutse cikin ruwa, iska ba ta isa gare shi ba, ruɓewa yake yi ta wata hanya daban, ya riƙa fitar da wannan iska mai kama wuta. Ya ce ba daga ƙarƙashin ƙasa take ba, daga abin da aka zuba take, kuma in aka daina zubawa za ta ƙare. Ya ce abin da ya kamata gona ta ci ne ke lalacewa a nan, wani ya tashi sama, wani ya tsiyaye rafin da muke sha. Yanzu jikata da ke jami'a tana ce mani wannan iskar har zafin duniya take ƙarawa, ana ta taro a kanta a ƙasashe. A ran nan dai ba wanda ya damu da duniya, kowa ta ragon da aka yanka yake yi.

Malam Nata'ala ya ce maganin abin ba wuya: kada a bar taki cikin ruwa, a shanya shi, a haɗa shi da busasshen abu, a tara a tudu, a riƙa juyawa yana shan iska. Ya ce, "Duk garin nan ba wanda ya san haka?"

Sai Baraka daga bayan mata ta ce, "Ga shi nan zaune bisa turmi."

Malamin ya je ya tsuguna gaban Ɗanliti, suka yi ta magana ƙasa-ƙasa, yana tambaya yana rubutawa a ɗan littafi. Da zai tafi ya ce mana abin da ya kwashe shekara biyu yana koyo a makaranta a Zariya, tsohon nan ya fi shi saninsa. Ya ce takin buhu yana da amfaninsa, amma ƙasar da ba ta cin na dabba gajiya take yi. Ya ci naman ragonmu, ya yi godiya, ya shiga mota. Daga ran nan har na yi furfura, sunana a Ƙetare Manajan Fetur.

In faɗi gaskiya, dawata ta yi kyau a shekarar. Takin Bature bai yi ƙarya ba, zangarniya kamar damtse. Da aka ɗaure damin farko Baba ya ce a kawo masa ya shafa. Ya shafa, ya ce, "Kai mashi." Wannan karon ban ce babur ba mai ba. Na ɗora a kai, na haye rafi da ƙafa, na sauke a ƙofar Ɗanliti na ce in ji Baba.

Ya ce, "Dawar da ba ta ci takina ba, da wane baki zan ci ta? Mayar."

Na ɗauko damin nan na juyo, mutane na kallona, sai a lokacin na san nauyin abin da aka mayar. Ban iya shiga da shi wurin Baba ba, na jefa shi rumbu na ce an karɓa. Baba ya ce, "Maharazu, makaho nike, ba kurma ba. Na ji ƙarar rumbu." A lokacin ya riga ya daina fita ceɗiya, abinci ma sai an matsa masa. Tsoro ya kama ni sosai, na ga tsohon nan zai tafi bai sake jin muryar amininsa ba, kuma ni ne sila.

Kowa ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa. Washegari na cire agogo, na ɗaura tsohon wando, na ɗauki shebur da daro na nufi ramin. Ban yi wa kowa sallama ba. Na fasa bakinsa ta wajen gangare, na ja ruwan zuwa cikin wata saura don kada ya shiga rafi, na jira kwana huɗu ya tsane. Sannan na shiga. Ba zan kwatanta maka abin da ke ciki ba, kana iya cin abinci. Na riƙa ciko daro ina ɗorawa a kai, yana zubo mani ta wuya, ina kaiwa tudu ina bajewa. Masu wucewa su tsaya su ce, "Manaja, yau ganga nawa aka haƙo?" Matata ta ware mani kwano da buta, ta ce in riƙa wanka a rafi kafin in shigo mata gida.

Ɗanliti yana kan turminsa yana gani. Kwana goma sha ɗaya bai ce mani ci kanka ba. Baraka ce kawai takan ajiye mani ƙwaryar ruwa a gindin katanga ta wuce. Ran na sha biyu na fara tara wanda ya bushe, ina zuba toka ina dannawa da ƙafa don tsibin ya yi kyau. Sai na ji murya a bayana.

"Wa ya ce ka taka shi? Gini kake?"

Na sauko. Ya karɓi shebur ɗin, ya soka, ya ɗaga, ya watsa sama-sama ya bar shi ya zube da kansa. Ya yi sau uku, ya miƙo mani, ya koma turminsa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma da safe na ga kashin daren jiya an baje shi a rana, ba a kai rami ba.

Haka na yi rani guda. Kowane jajibirin kasuwa in haye rafi in juya tsibi, shi kuma ya zauna yana gaya wa jakinsa kurakuraina da ƙarfi yadda zan ji. Sau biyu na buɗe baki zan ce ya zo ya ga Baba, sai in ga fuskarsa in haɗiye. Na riga na gane cewa ba da baki na ɓata ba balle in gyara da baki. Baba kuwa kullum ƙara narkewa yake, har ya zama sai an juya shi a shimfiɗa.

Aka fara sharar gona. Wata safiya ina zaure sai na ji takun jaki, na leƙa, ga Ɗanliti da mangala cike. Na ce bari in riga shi gona in tarbe shi. Sai na ga bai bi hanyar gona ba. Ya koro jakin nan ya shigo zaure, ya ratsa tsakar gida mata na janye tukwane, ya tsayar da shi daidai ƙofar ɗakin Baba.

Ya ce, "Audi! Kana nan ko ka tahi ba sallama?"

Na ji shimfiɗa ta motsa. Muryar Baba ta fito siririya, "Wane kahiri ne ya shigo mani da jaki gida?"

"Wanda ka sani."

Na shiga na tallabo shi na jingina shi da bango. Ɗanliti ya cika tafinsa biyu daga mangala, ya durƙusa, ya zuba a hannun Baba. Baba ya murza, ya kai hanci, ya sake murzawa a hankali. Ya daɗe yana yi.

Ya ce, "Wanga ba hannunka ba ne, Ɗanliti. Toka ta yi yawa, kuma akwai dunƙule."

"Na ɗanka ne. Manaja."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. Ya damƙe takin nan a hannu bai sake shi ba. Ya ce, "To. A kai gona."

Ɗanliti ya zauna a bakin shimfiɗar ya miƙe ƙafa, ya ce da ni ba tare da ya dube ni ba, "Ka ji abin da ubanka ya ce. Ja jakin, ka bar manya su yi magana."

Na ja jakin na fito. Ban kai zaure ba na jiyo Ɗanliti ya fara ba shi labarin girar Sha'ibu da ragon da aka yanka, yana kwaikwayon muryata yana cewa "Jama'a, wanga hetur ne." Baba na dariya, tari na sarƙe shi, yana cewa a sake faɗi. Na tsaya riƙe da igiya ina kuka kamar ƙaramin yaro, ban taɓa jin daɗin a yi mani dariya ba sai ran nan.

Kwana goma sha tara Baba ya ƙara a duniya. Ɗanliti bai fasa zuwa ko rana ɗaya ba.